Wutar Daji Ta Doso Gari: A Tsaya Ko A Gudu?

Tambaya: Malam, ina ganin hotunan garuruwan da wutar daji ta cinye. Me ya hana mutane tsayawa su kare gidajensu da ruwa? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, da ruwan bokiti yana maganin irin wannan wuta, da garin Paradise na jihar Kaliforniya a Amurka bai zama toka ba. A Nuwamban 2018 wuta ta hallaka mutum 85 a yankin, ta lashe gine-gine fiye da 18,000.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne garwashin da iska ke kwasowa. Sai ya tsallake titi ya sauka kan busassun ganyen da suka taru a rufi, gida ya kama alhali wutar tana can nesa. Ga hayaƙi, da rana tsaka gari ya yi duhu, direba ba ya ganin motar da ke gabansa. Wasu a Paradise cikin motocinsu ajali ya riske su, don hanya ta cushe.

Da zarar hukuma ta ce a fita, kwashi yara, magunguna da takardu, ki rufe tagogi ki kama hanya. Kada ki koma ɗauko talabijin.