An gyara min murya a situdiyo na ɗora na ce kai tsaye ne, yaudara na yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Ni matashin mawaƙi ne, kwanaki na shiga situdiyo na yi waƙa aka gyara min murya da Auto-Tune, daga baya na zauna a ɗakina da jita na kunna waƙar ina bin ta da baki aka ɗauke ni a waya, na ɗora a TikTok na rubuta a ƙasa cewa kai tsaye nake rerawa. Mutane sai yabo suke wai ko ba kwamfuta muryata zaƙi gare ta. Abokina ya ce yaudara ce, ni kuma ina ganin ai muryar tawa ce ba ta wani ba. Meye gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokin nan naka ka riƙe shi hannu bibbiyu, gaskiya ya faɗa maka. Amma kar ka tafi da tunanin wai gyaran muryar ne laifin, a'a, gyara ai shi ne abincinmu mu masu haɗa sauti, kuma ba na jin kunyar sa ko kaɗan.

Kai ka san yadda ake yi tunda ka shiga. Mawaƙi zai tsaya gaban makirfo ya maimaita baiti ɗaya sau goma, ni kuma in ɗauko farkon layin daga ɗauka ta uku, ƙarshensa daga ta bakwai, in ɗinke su yadda kunne ba zai ji ɗinkin ba, sannan in buɗe manhajar gyaran murya ta Melodyne kowace gaɓa ta fito min a allo dalla-dalla, wadda ta zame ƙasa in ɗago ta, wadda ta yi saurin shigowa in ja ta baya kaɗan, in rage ƙarar numfashi in zuba amo. Abin da ya fito a ƙarshe muryarka ce, eh, amma ba a taɓa yin wani minti uku a duniya da ka rera ta haka daga farko har ƙarshe ba. Shi kansa Auto-Tune ɗin tun 1997 ya fito, wani injiniya Andy Hildebrand ne ya ƙirƙiro shi, wanda da can aikinsa nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur, kuma tun da mawaƙiyar Amurka Cher ta yi amfani da shi a waƙarta ta 1998 duniya ta san da zamansa. Duk wanda ya kunna waƙar situdiyo yau ya san an taɓa ta. Haka a fim ɗin Hausa, jarumi ya hau waƙa yana motsa baki, ko yaro ya san wani ne ya rera, don haka ba wanda aka cuta.

Inda ka kauce shi ne kalmar nan da ka rubuta a ƙasa. Da ka ce kai tsaye, alkawari ka yi wa mai kallo cewa abin da kunnensa ke ji shi ne ya fito daga maƙogwaronka a daidai lokacin da idonsa ke ganin ka, kuma a kan wannan alkawarin suke yabon ka, ba a kan waƙar kawai ba.

Batun ai muryata ce kuwa, an taɓa yin irinsa a gaban duniya. A Janairun 2013 wajen rantsar da Obama karo na biyu Beyoncé ta rera taken Amurka, sai daga baya aka gano cewa wanda ta ɗauka tun kafin ranar ne aka kunna tana bi. Muryarta ce fa, ba wanda ke shakkar ta iya waƙa, amma sai da aka yi ta cece-kuce har ta fito gaban 'yan jarida ta amsa, ta ce ba ta samu lokacin gwaji da makaɗan ba, ta kuma rera taken a nan take da bakinta. Na wasu mawaƙa biyu da ake kira Milli Vanilli ya fi muni don su muryar ma ba tasu ba ce, a 1990 aka ba su kyautar Grammy a shekarar aka ƙwace.

Abin da ya fi ci min rai ba manyan nan ba ne, ƙananan yara ne masu tasowa. Akwai wani yaro da ya taɓa zuwa wajena, murya gare shi wallahi mai kyau, ya nuna min bidiyon wani a waya ya ce shi ya haƙura da waƙa tunda ga sa'ansa a zaune a ɗaki yana rerawa ba kuskure ko ɗaya. Na ce kawo wayar. Na nuna masa yadda mai waƙar ya juya kai ya bar makirfon amma ƙarfin muryar bai ragu ba, ga fanka tana juyawa a bayansa amma ba a jin ƙararta, ga wurin da muryar ke ci gaba alhali ƙirjinsa ya nuna yana jan numfashi. Sai da ya kalla sau uku kafin ya yarda. Yaron nan da na'ura yake gasa bai sani ba, har ya kusa ajiye baiwarsa. Ga kuma mai biki da zai ga bidiyonka ya biya ka kuɗi kan abin da ya ji, ranar taro a miƙo maka makirfo ba mai ɗago maka gaɓar da ta zame, a nan kai ne za ka ji kunya. Ka saurari tsofaffin ɗaukar Shata da kalangu da 'yan amshi, wani wurin muryar har ta dushe, kuma har gobe ana saurare.

Ba sai ka goge bidiyon ba. Ka cire kalmar, ka rubuta cewa an ɗauki sautin a situdiyo, ka maƙale bayanin a saman kwament don waɗanda suka riga suka yaba su gani. Wasu za su yi tsiya na kwana biyu, ka bar su. Sannan a satin nan ka jingina wayar a bango, ka ɗauki jitar ka rera waƙar ɗauka ɗaya ba yanka ba gyara, ko ka zame a wuri biyu ka bar shi haka ka ɗora. In ka yi ka turo min in ji, zan faɗa maka gaɓoɓin da kake buƙatar ƙara gwaji a kansu.