Ku Fara da Lauya Kafin Zanga-zanga

Malam, ka tambaya ta ina ƙungiyar masallacinku a Bronx da ke birnin New York za ta fara kare 'yan uwa marasa takardar izinin zama a Amurka. Ku nemo lauyan shige da fice na kyauta, ya zo bayan sallar Juma'a ya koya wa jama'a abu ɗaya: kada a buɗe wa jami'an ICE (hukumar da ke kama masu karya dokar shige da fice a Amurka) ƙofa sai sun zuro sammaci mai sa hannun alƙali ta ƙarƙashinta. Takardar da jami'insu ya sa wa hannu ba ta kotu ba ce.

Amma kada ku rubuta sunayen marasa takarda, ko a littafi ko a WhatsApp. Mu da muka tashi yin haka, mutane guduwa suka yi. Mai lambar fayil ta shige da fice mai farawa da A ya ba amintaccensa ɗaya ita, don da ita ake nemo wanda aka kama ta shafin intanet na ICE.