Shin maganin ƙwaƙwalwa yana kashe basira?

Tambaya: Likita, ƙanena tela ne a Agege, gwanin aikin wuya. Bara ya yi kwana biyar ba barci, sai surutu, aka ɗora shi a kan magani ya samu sauƙi. Yanzu wani ya ce masa Freud, shahararren masanin halayyar ɗan Adam, ma ya ce basira daga taɓin hankali take fitowa, wai magani yana kashe ta. Yana neman ya daina sha. Ana iya auna basira mu gani ko ta ragu? Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ana aunawa. Gwajin basira na Torrance, na 1966, yana duba yawan dabarun da mutum ya kawo, da bambancinsu, da sabuntarsu, da yadda ya ƙawata su. Sai dai ba a gwada ƙanenki kafin ciwon ba, to da me za a kwatanta? Ki duba ɗinkin da yake gamawa ya miƙa wa masu shi.

Maganar Freud kuwa an yi masa ƙari. Abin da ya ce shi ne mai fasaha yana juya sha'awa da damuwar da ke danne a ransa su zama aiki. Ernst Kris, wani almajirinsa, ya ƙara bayani a 1952: gwani yakan nutsa can ƙasan zuciya ya dawo da abin da ya samo, da hankalinsa a hannunsa. Mai ciwo in ya nutsa, dawowar ce ke gagararsa.

Wannan jita-jitar tana cin raina, don kusan kullum sai na gamu da ita. Idan ciwon ya motsa, mutum yakan ji babu kamarsa. Ya yanka shadda goma cikin dare, gari ya waye ko ɗaya bai haɗa ba, jari ya ƙone. Ita ce basirar da ake cewa magani ya kashe? Mai zugar ba ya nan ranar da za ku riƙe shi ku nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. Ga masu talla da lasifika, ga masu cewa tiramol yana buɗe kai, ga masu cewa aljanu ne suka ba shi baiwar, kada a kore su. Ku ji tsoron Allah, lafiyar mutum ba abin wasa ba ce!

Gaskiya ne wasu magungunan suna sa kasala ko rawar hannu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai riƙe allura. Ki raka shi wurin likitansa ya faɗa, a rage ko a sauya. Kada ya yanke da kansa, dainawa farat ɗaya tana iya dawo da ciwon.