Me ya sa mayaƙana ke ƙara rauni a Dragon Age: Origins?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Gusau, ina buga Dragon Age: Origins a tsohuwar laftof ɗin yayana. Da farko faɗa ba ya ba ni wahala, amma tun da na shiga hasumiyar masu sihiri abin ya juya, ko ƙananan dodanni sai su kwantar min da mutum biyu. Na kuma lura da wasu ƙananan alamu kusa da hotunan mayaƙana, kullum ƙaruwa suke. Wasan ne ya ƙara wuya ko ni ne ban iya ba? In sake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sake farawa. Alamun nan da ka gani su ne tushen matsalarka, kuma suna da magani.

A wannan wasa, wanda kamfanin BioWare na Kanada ya fitar a 2009, mayaƙi ba ya mutuwa idan jininsa ya ƙare, muddin akwai wani ɗan tawagar da ke tsaye. Suma yake yi, ana gama faɗa ya miƙe. Sai dai yana miƙewa ne da rauni guda, kuma kowane rauni da abin da yake ragewa. Karayar ƙashi tana rage zafin nama, ciwon ido yana sa sara ya riƙa kuskure, murƙushewar hannu tana rage ƙarfin duka, buɗaɗɗen rauni kuma yana rage yawan jinin da mutum zai iya cikawa. Abin da ke yaudarar sababbin 'yan wasa shi ne layin jini yana cika da kansa bayan faɗa, sai ka ɗauka an warke. Raunin yana nan, kuma taruwa yake yi. Wanda ya suma sau uku yana ɗauke da rauni uku, saboda haka a faɗa na huɗu shi zai fara faɗuwa. Kamar ɗan damben da ya koma fage da targaɗe a hannun da yake naɗewa ne. Ɗora linzamin kwamfuta a kan kowace alama, za ta gaya maka abin da ta rage.

Maganin hanya biyu ne. Ta farko kayan ɗori, wanda za ka gani a jakarka da sunan Injury Kit: ƙaramin yana cire rauni ɗaya, babban yana share duka. Ta biyu komawa sansanin tawaga, inda kowa ke warkewa kyauta. Matsalarka ita ce inda kake, don da zarar ka wuce babbar ƙofar hasumiyar nan ana kulle ta, babu fita sai ka gama da abin da ke can sama. Saboda haka ka duba jakarka da kyau, mutane da yawa suna yawo da kayan ɗori ba su sani ba. In sun yi kaɗan, fara da wanda ke tsayawa a gaba, wato Alistair ko duk mai garkuwarka, sannan Wynne, dattijuwar da ke shiga tawagarka a hawa na farko. In ta faɗi babu mai warkar da kowa. Idan kuma kana da ajiyar wasa daga kafin shigarka, akwai mai sayar da kaya a zauren farko, kuma komawa can ya fi sake wasa daga tushe nesa ba kusa ba.

Amma ni abin da na fi so ka gyara shi ne yadda ake yi har su suma. Na yi imani kana buga wasan ne kamar na sara da gudu, kana riƙe da mutum ɗaya sauran ukun suna abin da suka ga dama. Ba haka aka gina shi ba. Dogon maɓallin nan na ƙasan allon rubutu yana tsayar da faɗa cak. Ka tsayar, ka ja kyamara sama, ka ƙirga abokan gaba, ka ba kowa umarni, sannan ka saki. Babu abin kunya a tsayarwa sau goma a faɗa ɗaya, masu wasan a mataki mafi wuya haka suke yi.

Hasumiyar duk ɗakuna ne da ƙofofi, kuma wannan alheri ne gare ka. Kada ka auka cikin ɗaki. Umarci tawagar ta tsaya a baya, tura mutum ɗaya ya leƙa, in sun biyo shi ya dawo, mai garkuwa ya toshe bakin ƙofa. Mutum takwas ba za su iya wucewa tare ba. Dubi launin sunayensu kuma: fari talaka ne, rawaya ya fi ƙarfi, ruwan lemo shi ne babba. Duk wanda ka ga yana riƙe da sanda yana jifa daga nesa, da shi za a fara, don mai sihiri ɗaya yana iya zubar da tawaga gaba ɗaya alhali shi kansa ba ya jure duka. Idan kana da Morrigan mai sihiri a tawagarka, ko kai kanka mai sihiri ne, daskarar da abokin gaba da sihirin sanyi sannan a buge shi da sihirin dunƙulen dutse, ƙananan tarwatsewa suke yi nan take. Ka kula da sihirin ƙwallon wuta, in ba a mataki mafi sauƙi kake ba tana ƙona naka ma. Sannan ka buɗe shafin dabaru na kowane mayaƙi ka sa masa sharaɗi a layin farko cewa in jininsa ya sauka ƙasa da rabi ya sha magani. Wannan kaɗai zai rage maka suma sosai.

Bincike kuwa a wannan wasa shi ke ciyar da faɗa. Riƙe maɓallin Tab, duk akwati da gawa da littafin da za a iya taɓawa zai haska. Nan gaba kaɗan a hasumiyar za a jefa ka duniyar mafarki kai kaɗai, wurin da 'yan wasa da yawa ke gaggawar fita don ya gundure su. Ina roƙonka kada ka yi gaggawa. Za ka samu siffofi huɗu da kake rikiɗa zuwa gare su, ɓera da ruhi da mutumin wuta da ƙaton dutse, kowanne yana buɗe hanyar da sauran ba sa iyawa. A bayan ramukan ɓera da manyan ƙofofin akwai abubuwan da ke ƙara maka ƙarfi ko wayo ko sihiri har ƙarshen wasa, kuma in ka fita ba a komawa. Haka wasan yake a wasu wuraren ma: garin Lothering yana rushewa bayan ka gama babban aikinka na farko, wanda bai ɗauki mayaƙan nan biyu, Leliana da Sten, a can ba ya rasa su.

Tunda wuta ba ta da tabbas kuma batirin tsohuwar laftof ba abin dogaro ba ne, danna F5 don ajiye wasa bayan kowane faɗa, kuma ka riƙa yin ajiya ta daban da hannu kafin shiga kowane sabon wuri. In Allah ya fitar da kai daga hasumiyar, wuce sansani kai tsaye kowa ya warke, ka sayar wa Bodahn, ɗan kasuwar sansanin, tarkacen da ka tara. Kafin ka nufi birnin Orzammar ka tanadi kayan ɗori da maganin jini fiye da yadda kake zato, don hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da ke bayan birnin sun fi hasumiyar nan tsawo sosai.