Tambaya da Amsa: Da gaske Amurka na ɓoye jiragen halittun wata duniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani bidiyo na ta yawo a WhatsApp, an ce tsohon jami'in leƙen asirin Amurka ya rantse a gaban majalisa cewa gwamnatinsu na riƙe da jiragen wasu halittu da ba 'yan Adam ba, har da gawarwakinsu. Mutum mai muƙami, ga rantsuwa, me zai sa ya yi ƙarya? (Malamin Islamiyya, Ƙofar Marusa, Katsina)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Zaman ya faru, ranar 26 ga Yuli 2023, a wani kwamitin majalisar wakilai. Sunan mutumin David Grusch, tsohon hafsan sojan sama. Sai dai a saurari maganarsa da kyau: bai ce ya ga jirgin da idonsa ba. Cewa ya yi ya zanta da mutum fiye da 40 cikin shekara huɗu, su suka ba shi labari. Ke nan ba sai ya yi ƙarya ba maganar za ta iya zama ba daidai ba. Rantsuwarsa ta tsaya ne a kan cewa haka aka gaya masa.

Malam ya fi mu sanin isnadi: ko maruwaita sun kai arba'in, in duk sun koma ga mutum ɗaya, ruwaya ɗaya ce. Abin da AARO, ofishin ma'aikatar tsaron Amurka mai binciken baƙin abubuwan da ake gani a sama, ya ce ya tarar ke nan a rahotonsa na Maris 2024. 'Yan mutane ƙalilan ne da suka san juna, wannan ya ji daga wancan, wancan ya ji daga wannan. Wani shiri na nazarin irin waɗannan jirage da ake kira Kona Blue, wanda ake kafa hujja da shi, shawara ce kawai aka kai, ba a amince da ita ba.

To amma AARO ɗan gidan wanda ake zargi ne, don haka ba ma cewa a tsaya a kan bakinsa. Abin da za a iya aunawa ya fi ƙarfi. An taɓa kawo wani guntun ƙarfe da aka ce daga irin jirgin ya fito, aka kai shi cibiyar bincike ta Oak Ridge. Kowane sinadari yana da ƙwayoyin zarra masu nauyi daban-daban, kuma rabonsu a duniyarmu sananne ne; abin da ya zo daga wajen wani tauraro, rabon nasa zai sha bamban. Da aka auna, sai ya zo daidai da na nan duniya.

Ɓoye-ɓoye kam gwamnatin Amurka ta sha yi, amma na kayanta. A tsakiyar shekarun 1950 jirgin leƙen asiri na U-2 yana tashi sama da ƙafa 60,000, lokacin da jiragen fasinja ba sa wuce ƙafa 20,000. Da faɗuwar rana sai fikafikansa su riƙa ƙyalli, matuƙa su kai rahoton baƙon abu, hukuma ta yi gum. Tarkacen da aka tsinta kusa da garin Roswell na Amurka a 1947 ma, wanda ake cewa na irin wannan jirgin ne, daga baya rundunar sojan sama ta ce balan-balan ne na shirin Mogul, mai sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet.

TAMBAYA: To bidiyoyin da sojojin Amurka da kansu suka fitar fa? Na ga wani abu yana gudu kamar harsashi a kan teku. (Ɗaliba, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa)

AMSA: Malama, wannan shi ake kira GoFast, ɗaya daga cikin uku da aka saki a hukumance a Afrilu 2020. Amsar tana cikin lambobin da ke gefen hoton. Jirgin yaƙin yana ƙafa 25,000 a sama, tazarar abin kusan ƙafa 27,000, kyamara kuma ta sunkuya da digiri 26. Da lissafin kusurwa na sakandare za ki ga abin yana ƙasa da jirgin da kusan ƙafa 12,000, wato yana ƙafa 13,000 a sama, ba a kan ruwa ba. Gudun jirgin ne ya sa teku ke shuɗewa a bayansa da sauri. Kwamitin da NASA, hukumar binciken sararin samaniyar Amurka, ta kafa, a rahotonsa na 2023, ya ƙiyasta gudun abin da kusan kilomita 64 a awa, wanda iska kaɗai ta isa ta kaɗa balan-balan da shi.

Akwai waɗanda har yau ba a warware ba, kamar abin da David Fravor, matuƙin jirgin yaƙin sojan ruwan Amurka, ya gani a 2004. A rahoton ofishin leƙen asirin Amurka na 2021 ma, cikin irin waɗannan abubuwa 144 ɗaya kacal aka gano ko mene ne. Galibi matsalar ƙarancin bayani ce: hoto mai dishi-dishi, ba a san tazara ba, kuma in babu tazara babu maganar girma ko gudu.

TAMBAYA: Mun ga fitilu a jere suna tafiya a sama bayan Magariba, ba ƙara. Mene ne? (Manomi, Daura)

AMSA: Ranka ya daɗe, mafi kusa taurarin ɗan Adam ne na Starlink, masu samar da intanet. Ana harba su da yawa a tashi ɗaya, sai su yi 'yan kwanaki a jere kafin su warwatsu. Ba fitila gare su ba, hasken rana suke maidowa, shi ya sa ake ganinsu bayan Magariba ko kafin Asuba, kuma suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya in sun shiga inuwar duniya. In an sake gani, a rubuta rana da lokaci da inda suka nufa, a ɗauki hoton tare da bishiya ko hasumiyar masallaci ba tare da jawo shi kusa ba, sannan a sa Daura a shafin intanet na Heavens-Above, mai nuna lokacin wucewar taurarin ɗan Adam, a duba ko lokacin ya zo ɗaya.