Labarin Sham'unu Mai Ƙarfi da Matar da Ta Bashe Shi: Hadisi Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni malamar Islamiyya ce a Kaduna. A goman ƙarshe na azumin da ya wuce na ji wani mai wa'azi yana ba da labarin Sham'unul Gazi, wai wani Annabi ne cikin Banu Isra'ila da ya yi wata 1000 yana yaƙar kafirai shi kaɗai, ƙarfe ba ya ɗaure shi, har aka saye matarsa da dukiya, ta gano gashin kansa ne makarinsa, ta bashe shi. Ya ce Manzon Allah (SAW) ne ya ba sahabbai labarin, suka raina aikinsu, sai aka saukar da Suratul Ƙadri. Ya rufe da cewa duk namijin da ya faɗa wa mace sirrinsa ya kashe kansa. Da na ba maƙwabciyata Kirista labarin, sai ta ce ai Samson ne da Delila, yana cikin littafinsu, kuma ba haka ya ƙare ba. Malam, hadisi ne? Mutumin Annabi ne? Zan iya karantar da shi ga ɗalibaina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malama, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya kafin ki kai wa yara. Labarin nan, da sunan mutumin da matarsa da gashinsa da ginshiƙan da ya rushe, ba hadisi ba ne. Bai zo a Alƙur'ani ba, bai kuma inganta daga bakin Annabi (SAW) ba. Yana cikin labaran Banu Isra'ila da malamai ke kira isra'iliyyat, kuma maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa.

Abin da mai wa'azin ya yi, kuma ba shi ya fara ba, shi ne ɗinke zance biyu da asalinsu daban. Na farko ruwaya ce gajeriya da Ibnu Abi Hatim ya kawo daga Mujahid, Ibnu Kasir kuma ya naƙalto ta a tafsirin Suratul Ƙadri: cewa Annabi (SAW) ya ambaci wani mutum daga Banu Isra'ila da ya rataya makami saboda Allah tsawon wata 1000, Musulmi suka yi mamaki, sai surar ta sauka. Iyakarta ke nan. Mujahid almajirin Ibnu Abbas ne, tabi'i ne, bai ga Annabi ba, don haka ruwayar mursala ce, kuma a isnadinta akwai Muslim bin Khalid az-Zanji wanda masana hadisi suka yi magana kan haddarsa. Wani ɗalibi zai ce ai Imamu Malik yana kafa hujja da mursalin amintacce. Haka ne. To a karɓe ta ma, me aka samu? Mutum marar suna da ya daɗe yana jihadi. Babu mata a ciki, babu gashi, babu cin amana. Ba ita kaɗai aka faɗa kan dalilin daren Lailatul Ƙadri ba ma: a littafinsa Muwaɗɗa, Malik ya ce ya ji daga wanda ya amince da shi cewa an nuna wa Annabi (SAW) shekarun mutanen da suka gabata, ya ga kamar na al'ummarsa sun gajarta, sai Allah ya ba shi Lailatul Ƙadri. Wannan ma tana cikin ruwayoyi 4 na Muwaɗɗa da Ibnu Abdil Barri ya ce bai samo musu isnadi ba.

Zance na biyu shi ne labarin da kika ji, kuma tushensa Wahbu bin Munabbih ne, tabi'i mutumin Yaman wanda ya shahara da sanin littattafan Ahlul Kitabi. Imamu Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan hijira, ya kawo shi a littafinsa na tarihi ta hanyar Ibnu Ishaƙ, da sunan Shamsun. A wannan ruwaya, mumini ne da mahaifiyarsa ta yi bakancensa ga Allah, mutanen garinsu na bautar gumaka, yana yaƙarsu da muƙamuƙin raƙumi, in ƙishirwa ta kama shi ruwa ya ɓuɓɓugo masa ya sha. Da suka rasa yadda za su yi da shi sai suka bi ta wajen matarsa da alkawarin lada. Ta yi masa ƙuƙumi da igiya yana barci, ya tsinke. Ta sa masa na ƙarfe, ya ɓalle. Ta yi ta naci har ya ce babu abin da ke riƙe shi sai gashin kansa, ta kuwa ɗaure shi da shi. Suka yanke masa hanci da kunnuwa, suka ƙwaƙule idanunsa, suka tsayar da shi a gindin wani gini mai ginshiƙai da sarki ya hau don kallo. Ya roƙi Allah, ya jijjiga ginshiƙai biyu, ginin ya rufta da sarki da jama'arsa, Allah ya mayar masa da ganinsa da gaɓoɓinsa. Wahbu amintacce ne a kansa, amma bai ce Annabi ya faɗa ba. Daga baya ne masu tafsiri da masu littattafan ƙissa da wa'azi suka ce mai wata 1000 ɗin nan ai shi ne Shamsun, sannu a hankali har zancen Wahbu ya koma “Manzon Allah ya ce” a bakin masu wa'azi.

Ki duba abin da ke hannun maƙwabciyarki, za ki ga inda ɗinkin ya fito fili. Labarin yana Littafin Mahukunta na cikin Baibul, sura ta 13 zuwa ta 16. A can Samson ɗan Manowa ne daga kabilar Dan, an keɓe shi ga Allah tun yana ciki, da sharaɗin aska ba za ta taɓa kansa ba. Muƙamuƙin jaki ya riƙa, da shi ya kashe mutum 1000. Delila ba a kira ta matarsa ba, wata mace ce a kwarin Sorek da ya kamu da sonta, shugabannin Filistiyawa suka yi mata alkawarin azurfa 1,100 daga kowannensu. Sau 3 yana yi mata ƙarya: tsarkiyar baka ɗanya guda 7, sai sababbin igiyoyi, sai saƙa tukkayen kansa a masaƙa. A na huɗu ya faɗi gaskiya, aka aske shi yana barci a cinyarta, aka ƙwaƙule idanunsa, aka kai shi Gaza yana niƙa a kurkuku. Ranar bikin gunkinsu Dagon ya ture ginshiƙai biyu na tsakiya, da mutum wajen 3,000 a saman ginin, ya mutu tare da su. Littafin ya ce shekara 20 ya yi yana shugabancin Isra'ila, alhali wata 1000 shekara 83 ne da wata 4. Zamaninsa a wurinsu kafin Ɗalutu da Annabi Dawuda ne, Ɗabari kuwa ya ajiye Shamsun cikin labaran bayan Annabi Isa, a wata alƙarya ta ƙasar Rum. Tazarar ta fi shekara 1000. (Filistiyawan nan tsohuwar al'umma ce ta masu bautar gumaka, mutanen Jalutu, da ta shuɗe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Kada jin sunan Gaza ya sa wani ya ɗora labarin a kan Falasɗinawan yau.)

Ƙa'idar irin waɗannan labarai Annabi (SAW) ya shimfiɗa ta da kansa. A Buhari, daga Abdullahi bin Amru: “Ku isar daga gare ni ko da aya ɗaya ce, ku ba da labari daga Banu Isra'ila babu laifi, wanda kuwa ya yi mini ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta.” A Buhari dai, daga Abu Huraira: “Kada ku gaskata Ahlul Kitabi, kada kuma ku ƙaryata su.” Daga nan Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnu Kasir suka kasa labaran uku: wanda Alƙur'ani ko Sunna suka gaskata, mun karɓa, wanda suka ƙaryata, mun watsar, wanda suka yi shiru a kansa, ya halatta a ba da shi, ba a gaskata shi, ba a ƙaryata shi, ba a kuma gina hukunci a kansa. Labarin Shamsun a dunƙule yana kashi na uku. Ki lura izinin ba da labarin da gargaɗin wuta a hadisi guda suka zo. Mai cewa “an ce a labaran Banu Isra'ila” yana cikin izinin. Mai cewa “Manzon Allah ya ba sahabbai labari” ya jingina wa Annabi abin da bai tabbata ba, kuma haramun ne ga wanda ya sani. Ina kyautata wa mai wa'azin zaton a littafi ya gani ya ɗauka, amma wanda zai hau kujerar tafsiri a goman ƙarshe, masallaci cike, bincike wajibinsa ne.

Batun annabci kuwa gajere ne. Allah ya ce a Suratu Gafir, aya ta 78, cikin manzanni akwai waɗanda ya ba da labarinsu, akwai waɗanda bai ba da ba. Ba a tabbatar wa mutum annabci sai da nassi, nan kuwa babu. Littafin nasu ma cikin mahukunta ya lissafa shi, kuma ya ambaci ya shiga wurin wata karuwa a Gaza. Wanda ya kira shi Annabi ya ɗauko wa kansa kaya, domin irin wannan ba ya halatta a jingina shi ga Annabawa.

Inda maganar ta fi damuna shi ne darasin da aka rufe da shi. An ɗauki labarin da ba a gina hukunci a kansa, an yi wa mata kuɗin goro da shi. Na san za a kawo hadisin Muslim daga Abu Sa'id: “Ku ji tsoron duniya, ku ji tsoron mata, domin farkon fitinar Banu Isra'ila a kan mata ta kasance.” Hadisi ne ingantacce. Amma gargaɗi ne ga namiji kan raunin zuciyarsa da sha'awarsa, bai ce mace ba ta riƙe amana ba. Ko a labarin Samson ɗin, wa ya fi ban mamaki? Sau 3 yana faɗa mata abu, sau 3 tana gwada shi a kansa tana kiran “ga Filistiyawa nan”, kuma ya koma ya kwanta a wurin. Tun kafin Delila ma hakan ta same shi: matar da ya aura a Timna ta yi ta kuka har ya faɗa mata amsar kacici-kacicinsa, ta kai wa mutanenta Filistiyawa, waɗanda suka yi mata barazanar ƙone ta da gidan ubanta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ya yaga zaki da hannu ya kasa tashi daga inda ya san ana farautarsa, kuma a nan ne hadisin Buhari da Muslim ya dace: ƙaƙƙarfa ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Wanda aka auna ƙarfinsa da riƙe kai a fushi, da shi za a auna shi a sha'awa.

Sunnar da ta inganta kuma ga ta. Ranar da wahayi ya fara sauka, wurin Nana Khadija Annabi (SAW) ya nufa yana makyarkyata, ya ce mata ya ji wa kansa tsoro, ita ta kwantar masa da hankali. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka da aski, Ummu Salama ya faɗa wa damuwarsa, shawararta ta warware lamarin. Nana Faɗima ya yi wa raɗa a ciwon ajalinsa, Nana A'isha ta tambaye ta, ta ƙi faɗa har sai bayan wafatinsa. Da wata cikin matansa ta fitar da zancen da ya asirta mata, aya ta 3 a Suratut Tahrim ta ce ya sanar da ita wani sashe ya kau da kai daga wani. Surar nan ce kuma ta buga misali da matar Annabi Nuhu da ta Annabi Luɗu ga kafirai, sannan da matar Fir'auna da Nana Maryam ga muminai baki ɗaya, maza da mata. Ba ina cewa komai sai an faɗa wa abokin zama ba. Sirrin wani da aka ba ka amana, ko na aiki, ba na matarka ba ne, kamar yadda sirrin ƙawa ba na miji ba ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ma'aunin shi ne halin wanda za a faɗa wa, namiji ne ko mace.

Wurare biyu kuma a kiyaye. Yaro da ya taso yana jin zancen 'yan tauri da maganin ƙarfe da makarin asiri, in ya ji wannan labari zai ɗauka ƙarfi a gashi yake zaune kamar laya. Ko a littafin nasu gashin alamar alkawari ne, da aka aske shi cewa aka yi Ubangiji ya rabu da shi. Mu kuwa kullum muna faɗin la haula wa la ƙuwwata illa billah. Sai kuma ƙarshensa a wurinsu, inda ya roƙi ya mutu tare da maƙiyansa. Mu da muka ga ƙunar baƙin wake a kasuwanni da masallatai da coci-coci ba ma wasa da wannan. Babu hujja a ciki ga kowa: labarin bai tabbata a wurinmu ba, ruwayar Wahbu ba ta ambaci mutuwarsa a wurin ba, shari'armu kuma ta ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, “kada ku kashe kanku.”

Game da ɗalibanki, ya halatta ki ba da shi ga manya masu rarrabewa, da sharaɗin ki bayyana cewa labarin Banu Isra'ila ne, ba hadisi ba, ba kuma tabbataccen dalilin saukar sura ba. Ƙananan yara kuwa ban ga amfanin ba su shi ba, domin duk abin da Malama ta faɗa a aji, a wurinsu addini ne. In jarumta kike son koya musu, ga Ɗalutu da Annabi Dawuda da Jalutu a Suratul Baƙara. In jarrabawar sha'awa ce, ga Annabi Yusuf, wanda aka kulle wa ƙofofi ya ce “ma'azallah”, ya zaɓi kurkuku. In falalar Lailatul Ƙadri ce, surar ta wadatar, ga kuma hadisin Buhari da Muslim cewa wanda ya yi tsayuwar daren da imani da neman lada an gafarta masa abin da ya gabata na zunubinsa. Maƙwabciyarki kuma ki faɗa mata kin bincika kin tarar asalin labarin a wurinsu yake, babu abin jayayya a nan. In kina da hanyar isar wa mai wa'azin wannan bayani, ta hannun maigidanki ko limamin unguwa, a yi shi a keɓe cikin ladabi kafin azumi mai zuwa.

Wallahu a'alam.