Auna lokacin zagaye: waya ta isa ko sai na sayi na'ura?

Tambaya: Salam Malam, ni da abokaina muna ɗan taɓa tseren mota a wani killataccen fili a bayan gari, to gardama ta yi yawa kowa sai ya ce shi ya fi gudu, mi zan saya da zai riƙa auna min lokacin kowane zagaye? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da wayarka tukuna, ka sauke manhajar auna lokacin zagaye irin RaceChrono ko TrackAddict, ka saka layin farawa a taswira, duk sanda ka tsallake layin manhajar za ta ƙirga lokacin da kanta. Matsalar dai GPS ɗin yawancin wayoyi sau 1 yake ɗaukar wuri a daƙiƙa, ita kuwa mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, ka ga in tazararku da abokinka kaɗan ce to gardamar nan ba za ta mutu ba. Shi ya sa na fi son ka ƙara ɗan GPS na waje mai ɗauka sau 10 ko 25 a daƙiƙa irin RaceBox, ka haɗa shi da wayar ta Bluetooth. AiM Solo 2, wata na'urar auna lokacin zagaye mai zaman kanta, ita ma tana da kyau amma fa da tsada, bari sai abin ya shiga jininka.

Sai zafin garinmu, waya in ta sha rana a jikin gilashi za ta iya ɗaukewa ana tsaka da gudu, ka ɗaure ta gam kusa da iskar AC. Kuma kar ka riƙa leƙen allo kana tuƙi, bari sai ka tsaya ka duba kwanar da ka taka birki da wuri.